Zuma a Kan Miki: Yadda Take Kashe Ƙwayoyin Cuta

Zuma ba ta ruɓewa, kuma a nan sirrin maganinta yake. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, ruwan cikinta kuwa bai cika kai kashi 20 ba. Ƙwayar cutar da ta faɗa cikinta, sai sukarin ya zuƙe mata ruwan jiki ta bushe. Ga kuma ɗan tsami da zaƙi ya ɓoye, wanda yawancin ƙwayoyin da ke sa miki ya yi mugunya ba sa jure masa.

Akwai wani makami da ƙudan zuma ke zubawa tun a cikin saƙa. Wani sinadari ne da ke kwance shiru, sai zumar ta gauraya da danshin miki ya farka, ya riƙa fitar da haidirojin feroksaid kaɗan-kaɗan, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a asibiti. Wuta tana lalata wannan sinadari, shi ya sa zumar da aka tafasa wajen tacewa, balle wadda aka yi wa algus da sukari, ba ta da ƙarfin ɗanya. Zumar manuka ta ƙasar Niyu Zilan ta fita daban, domin ƙarfinta daga wani sinadari yake wanda zafi bai cika karya shi ba.

Misirawan dā sun riƙa shafa zuma a rauni, Alƙur'ani ma ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli. Likitocin zamani sun waiwaye ta ne da magunguna suka fara gazawa. A 1988 wani likitan fiɗa a Kalaba, Spencer Efem, ya ba da rahoton majinyata 59 masu gyambo da raunukan da suka ƙi jin magani. 58 sun samu sauƙi da zuma. A 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da bandejin Medihoney mai ɗauke da zuma.

Hujjar amfanin zuma ta fi ƙarfi a kan ƙuna marar zurfi da tarin yara na dare. Maganar cewa tana warkar da ciwon sukari ko sankara kuwa, tallan kasuwa ce. Zumar asibiti ana tsarkake ta da haske na musamman, saboda ɗanya kan ɗauko irin ƙwayar da ke haddasa botulizim, cuta mai shanye jijiyoyin jarirai. Don haka likitoci suka hana a lasa wa jariri zuma kafin ya cika shekara ɗaya.