Daga Singafo zuwa New York: Tafiyar awa 18 da take kama da ta awa 6 a fuskar waya

Duk wanda ya buɗe manhajar sayen tikitin jirgi ya nemi tafiya daga filin jirgin Changi na Singafo zuwa filin JFK na birnin New York, zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Jirgin zai tashi da tsakar rana, ya sauka da yammacin wannan ranar, kamar tafiyar awa shida. Alhali fasinja zai shafe fiye da awa 18 a sama ba tare da an ya da zango ba.

Wannan hanya, wadda kamfanin Singapore Airlines ya fara bi a shekarar 2020, tana da nisan kimanin kilomita 15,349. Jirgin da ke yin ta shi ne Airbus A350-900ULR, mai ɗaukar man da ya kai lita 165,000. Kujeru 161 kacal ke cikinsa, domin rage nauyi na daga cikin abin da ke ba shi damar kaiwa.

Sirrin awa shidan yana wajen agogo. Lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da aka tashi ne da kuma na garin da za a sauka, kowanne da nasa. Singafo na gaban New York da awa 12 a lokacin zafi, awa 13 a lokacin hunturu. A wajen dawowa lissafin yakan juye: wanda ya bar New York daren Litinin, sai asubahin Laraba zai taka Singafo. Rashin lura da wannan kan sa a kama ɗakin otal a ranar da ba ita ba, ko a rasa jirgi na gaba.

Taswirar waya ma tana ruɗarwa. Yawancin manhajoji suna shimfiɗa duniya ne bisa tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, wanda ke kumbura yankunan can arewa da can kudu. Tunda duniya a dunƙule take, hanya mafi kusa tsakanin biranen biyu ta gefen ƙuryar arewacin duniya take bi. Ana iya ganin haka a Google Earth idan aka auna tazarar.

Sai dai matuƙa ba lallai su bi mafi kusan ba. A can saman da jirage ke tafiya akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda gudunta kan wuce kilomita 200 a awa. Jirgin da ke gudun kusan kilomita 900 a awa yana cin riba idan ta turo shi ta baya. Shi ya sa jirgin Singafo yakan bi ta tekun Fasifik da Alaska a wajen zuwa, a dawowa kuma sau da yawa ya ratsa Atlantika da Turai. Hanyar ta fi tsawo, amma takan rage lokaci da mai.

Manhajar Flightradar24 tana nuna hanyar da jirgin ya bi a kowace rana, ga mai neman lamba SQ23 ko SQ24. Mai shirin doguwar tafiya kuwa, abin da ya kamata ya duba a tikiti shi ne adadin awoyin tafiyar da ranar sauka, sannan ya saka agogon biranen biyu a wayarsa kafin ya shirya wa wani lokacin tarbarsa.