Wutar da dutsen guga ke ci

Tela a kasuwar Jega ko mai wanki da guga a Maiyama zai iya lissafa wutar da dutsen gugarsa ke ci da kansa. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Idan mitar gwaji ta nuna dutsen yana jan amfiya 5, sai a ninka: 230 sau 5, wat 1,150 ke nan. Turjiyar wayar cikinsa kuwa rabawa ake yi, 230 gida 5, om 46. Bajamushe Georg Ohm ya fitar da ƙa'idar turjiyar a 1827. Janareta mai wat 900 ba zai ɗauki dutsen nan ba, komai lallashi. Duba lambar jikin dutsen kafin ka jona.