Karatun sadarwa a jami'a: ita ma magana sai an biya kuɗi a koye ta?

Duk shekara in sakamakon BAC ya fito, akan ɗan yi gardama a gidajen ƴan kasuwa. Uwa ta yi shekaru goma sha uku tana cire kuɗin lakwal daga ribar tumatir ko ta atamfa, tana jiran ɗiyarta ta ce likita za ta zama, sai yarinya ta ce sadarwa take so ta karanta. Uwa ta riƙe baki. A ganinta, wanda ya tashi a Kasuwar Dole ta Damagaram ko a Katako ta Yamai ba ya bukatar mushe ya koya masa magana.

Uwar tana da gaskiyarta, amma ba duka ba. Mutane da yawa sun ɗauka karatun nan na ƴan jarida ne kaɗai, masu riƙe makirfo a rediyo da tele. Aikin jarida reshe ɗaya ne. Abin da ake nazari shi ne yadda saƙo ke fita daga bakin wani ya isa kunnen wani, da abin da ke samunsa a hanya. Tun 1948 wani malami ɗan Amurka, Harold Lasswell, ya taƙaita shi cikin tambayoyi biyar: wa ya yi magana, me ya ce, ta wace hanya, ga wa, kuma me ya biyo baya.

Mataki na farko shi ne magana tsakanin mutum da mutum, kuma a nan ne ƴar kasuwa za ta ga kanta. Ciniki kansa darasi ne: gaisuwar da ake ja kafin a taɓa kaya, “albarka” da ake faɗi ba don an rufe ƙofa ba, shirun dillali, yadda ake tambayar bashi ba tare da an kunyata mai shi ba. Ɗalibi yana koyon kallon waɗannan da idon bincike, har da abin da fuska da hannu ke faɗi lokacin da baki ya yi shiru.

Akwai wani bincike da ya dace matan kasuwa su san da shi. A 1945, a garin Decatur na Amurka, masu bincike sun tambayi mata kusan 800 wa ke sa su canza abin da suke saye na cefane da na sutura. Elihu Katz da Paul Lazarsfeld suka fitar da sakamakon a littafi a 1955. Abin da suka gano shi ne, maganar wata mace da aka yarda da ita ta fi tallar rediyo da ta jarida tasiri. Labari yakan sauka wurin mutane kaɗan, su kuma su raba wa saura. Duk wadda ta taɓa ganin sabon zane ya ƙare a rumfa don uwar adashe ta ɗaura shi a wajen biki ta san wannan tun ba yau ba. Bambancin kawai, ɗalibin ya san yadda zai gano matan nan a garin da bai taɓa zuwa ba.

Mataki na biyu shi ne magana a cikin ƙungiya ko ma'aikata. Magajin gari ya yanke shawarar ƙara haraji ko tada wasu rumfuna. Kafin maganar ta bi ta buro, ta bi ta shugabannin ƴan kasuwa, ta iso ga mai tebur, ta canza kama, jita-jita kuma ta riga ta isowa. Ana koyar da yadda ake shirya taro, da rubuta sanarwa, da sasanta rikici, da kuma abin da ya fi wuya, wato yadda kukan na ƙasa zai hau sama bai lalace ba.

Na uku shi ne magana da jama'a baki ɗaya, kuma kuskure a nan yana da tsada. A 2003 jihar Kano ta dakatar da allurar rigakafin shan inna saboda raɗe-raɗin cewa an gurɓata maganin. Sai a watan Yuli na 2004 aka koma yi, bayan an kawo magani daga Indonesiya, amma kafin nan cutar ta tsallaka iyakoki zuwa ƙasashe da dama. Magani yana nan, ma'aikata suna nan, yarda ce ta ɓace. Daga baya sai da aka bi ta hannun sarakuna da malamai, gida gida, kafin a 2020 a bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Labari kuma kuɗi ne. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari. Ta samu cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina hawa mota don kawai ya ji nawa ake sayar da buhun hatsi.

Ina ake karatun? A Yamai akwai makarantar da aka kafa a 1977, wadda ta ɗauki sunan IFTIC a 1989 kafin daga baya a canza mata suna, tana horar da ƴan jarida da ma'aikatan watsa labarai. Masu hali kan tura ƴaƴansu CESTI ta Dakar, ko Jami'ar Bayero ta Kano ga wanda ya iya Ingilishi. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu. A tsarin da ake bi yanzu, lisansi shekara 3 ne bayan BAC, masta kuma ƙarin shekara 2.

Kada dai a ruɗi iyaye: takardar ba ta zuwa da kujera a gwamnati. Gidajen rediyo masu zaman kansu da yawa albashinsu bai taka kara ya karya ba. Inda ake samun abin kirki shi ne kamfanonin salula, bankuna, ƙungiyoyin agaji da ƴan porje, su kuwa masu nema sun fi gurabe yawa. Wani abin da ke damuna shi ne, da Faransanci ake karatun, alhali mutanen da za a yi wa magana Hausa da Zabarmanci suke ji. Yaron da ya fito da dipilom amma ba zai iya tsayawa gaban mata ashirin ya bayyana musu sharuɗɗan bashin banki da harshensu ba, rabin aiki ya koya. Ɗiyar da ta girma a rumfa ta riga shi a nan, in har ba a raba ta da rumfar ba lokacin hutu.

Kafin uwa ta kwance bakin zane ta biya kuɗin shekarar farko, ta sa a tambayar mata ko gwamnati ta amince da takardar makarantar, ko ana tura ɗalibai sitaj, da kuma inda waɗanda suka gama bara suke aiki yanzu.