Tsohuwar Rumfar Gona a Ingila: Izinin Gyara Ba Na Sabon Gini Ba Ne

A ƙauyukan Ingila akwai sakacin da ke cinye dukiyar mutane. Mutum zai hango tsohuwar rumfar shanu ko siton hatsi, ya ji an ce doka ta yarda a mayar da su gidan zama, sai ya zuba kuɗi ko injiniya bai kira ya duba ginshiƙan ba.

Dokar kam tana nan tun 2014, ana kiranta Class Q. Kwaskwarimar watan Mayun 2024 ta ba da damar fitar da gidaje har 10 a gona guda, kowanne kada ya wuce murabba'in mita 150. Amma sai an fara neman amincewar ƙaramar hukuma, wadda ke da kwana 56 ta ba da amsa, kuma dokar ba ta shafi gine-ginen tarihi masu rajista ba.

Inda ake faɗawa rami shi ne ƙarfin ginin kansa. A 2016 Babbar Kotu ta yanke hukunci kan wata rumfa a yankin Rushcliffe na Nottinghamshire: ƙarafa ne da rufi, ɓangarori uku kusan a buɗe. Masu ita suka ce bango kawai za su ɗora. Kotu ta ce aikin ya wuce gyara, gini ne sabo, don haka dokar Class Q ba ta shafe shi ba. Tun daga nan hukumomi ke kafa hujja da hukuncin suna watsi da buƙatu, amma har yau ana sayen irin waɗannan kwarangwal ɗin, wai an samu araha. Wace araha?

Wasu ma sai sun samu izinin suke ɓata lamarin. Magini ya ce bangon nan ya ruɓe, gara a rushe a sake, mai gida ya ce to. Da ginin ya faɗi, izinin ya bi shi, abin da ya rage fili ne a karkara, inda samun izinin sabon gida ke da wuyar gaske.

Saboda haka rahoton injiniya ya riga biyan kuɗi, kuma kada a taɓa bango sai an rubuta wa hukuma. A duba ko jemagu sun yi masauki a rufin, domin doka na kare su, kuma galibi tsakanin Mayu da Satumba ake bincikensu. Wa'adin kammala aikin shekara 3 ne daga ranar amincewa.