Yaƙin Basasar Amurka: Ranar Da Akalar Yaƙi Ta Juya

Daga Wakilinmu a Dutsen Abba, Zariya

Duk wanda ya taso a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Zariya, kamar su Dutsen Abba, ba ya rasa jin dattawa suna ba da labarin zamanin da auduga ke tashe, yadda ake kai ta kasuwa a auna, a wuce da ita gidan gurza, sa'an nan jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa bakin teku. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, nacin da Turawan Ingila suka yi wa audugarmu yana da nasaba da wani mummunan yaƙi da Amurkawa suka gwabza a tsakaninsu daga 1861 zuwa 1865, a kan batun bayi.

MAFARIN RIGIMA

Bisa ga ƙidayar 1860, akwai bayi baƙar fata kusan miliyan 4 a Amurka, akasarinsu a jihohin kudancin ƙasar, inda suke noma auduga da taba da rake. Jihohin arewacin ƙasar kuwa sun riga sun hana bauta. Gardamar da ta raba kan jama'a ita ce, ko za a yarda a shiga da bayi cikin sababbin yankunan da ake buɗewa a yamma. Da Abraham Linkon, wanda jam'iyyarsa ta ƙi amincewa da haka, ya ci zaɓen Shugaban Ƙasa a watan Nuwamba na 1860, sai Jihar Karolina ta Kudu ta ɓalle daga Tarayya ran 20 ga Disamba. Daga bisani jihohin da suka ɓalle suka kai 11, suka naɗa Jefasan Debis shugabansu, suka kafa hedkwata a Ricmon.

An yi harbin farko ran 12 ga Afrilu, 1861, sa'ad da 'yan tawaye suka buɗe wa ganuwar Samta wuta da igwa. Mutanen Arewa sun fi miliyan 20, na Kudu kuwa wajen miliyan 9 ne har da bayinsu, saboda haka aka zaci abin ba zai ɗauki lokaci ba. To, amma a karon Bul Ran, ran 21 ga Yuli, sojojin Tarayya suka sha kashi, suka arce zuwa Washinton. A lokacin nan Linkon yana ta nanata cewa manufarsa ita ce ya hana ƙasa wargajewa, bai kuwa yi alkawarin 'yanta bawa ko ɗaya ba.

GUMURZUN ANTIYETAM

Babban abin da shugabannin tawaye suka dogara gare shi shi ne auduga. Masaƙun lardin Lankasha na Ingila daga gare su suke samun mafi yawan audugarsu, kuma tun da jiragen ruwan Tarayya suka toshe tashoshin Kudu, dubban ma'aikata a Ingila suka rasa aiki. Don haka suka sa rai cewa in suka ci wata babbar nasara, Ingila za ta amince da su a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta.

Da wannan niyya Janar Robat Li ya ƙetara da rundunarsa cikin Jihar Merilan. Ran 17 ga Satumba, 1862, aka yi arangama a bakin rafin Antiyetam, inda mutum wajen 23,000 suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace, a yini ɗaya tak. A fagen fama kusan kunnen doki aka yi, amma tilas Li ya ja da baya. Kwana biyar bayan haka Linkon ya ba da sanarwa cewa daga ran 1 ga Janairu, 1863, dukkan bayin da ke yankunan tawaye sun zama 'ya'ya.

Lalle sanarwar tana da giɓi, domin ba ta shafi jihohi huɗu masu bayi waɗanda ba su ɓalle ba. Duk da haka, a nan ne akalar yaƙi ta juya. Na farko, Ingila, wadda ta kafa dokar soke bauta a ƙasashen mulkinta tun 1833, ba ta da sauran bakin da za ta goyi bayan masu bayi. Har ma'aikatan Mancesta, da yunwarsu, suka aika wa Linkon takardar goyon baya. Na biyu, an buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja. Kafin yaƙi ya ƙare wajen 180,000 daga cikinsu sun ɗauki bindiga, kowane bawa da ya gudu daga gandu kuwa hannu ɗaya ne ya ragu a gonar Kudu.

Cikin waɗannan sojoji har da mutumin ƙasarmu, Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, haifaffen Kukawa ta Barno, wanda aka fi sani da Nikolas Sa'id. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi aka sayar, ya ratsa Tarabulus da Santambul da Rasha kafin ya isa Amurka. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Jihar Masacusets, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a 1873.

GETISBAG DA BIKSBAG

A watan Yuli na 1863 aka karya lagon tawaye sau biyu cikin mako guda. Li ya sake kutsawa Arewa, aka yi kwana uku, daga ran 1 zuwa ran 3 ga wata, ana ɗauki ba daɗi a Getisbag. A rana ta ƙarshe ya tura mayaƙa wajen 12,000 su ratsa fili tsirara zuwa bakin igogin Tarayya, kusan rabinsu ba su dawo lafiya ba. Hasarar ɓangarorin biyu ta kai mutum wajen 50,000. Kashegari, ran 4 ga wata, garin Biksbag ya miƙa wuya ga Janar Garant bayan an yi makonni ana tsare da shi. Ba da daɗewa ba Kogin Misisifi duka ya koma hannun Tarayya, ƙasar tawaye ta rabu gida biyu.

Saura haɗari guda, watau gajiyar jama'a. A 1864 jini ya kwarara ƙwarai a Bajiniya, har Linkon kansa ya fid da ran cin zaɓe, ga shi kuwa cikin 'yan hamayya akwai masu neman a yi sulhu, abin da zai iya barin bayi cikin ƙangi. Kama birnin Atlanta da Janar Shaman ya yi ran 2 ga Satumba shi ya farfaɗo da zukata, Linkon ya sake lashe zaɓe a Nuwamba. Li ya saduda ran 9 ga Afrilu, 1865, Garant ya bar mutanensa su koma gida da dawakinsu don su yi noma. Kwana biyar bayan haka aka harbe Linkon. A Disamba na wannan shekara gyara na 13 ga tsarin mulki ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya. Rayukan da suka salwanta ba su gaza 620,000 ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

Masu masaƙun Ingila ba su manta da wahalar da suka sha ba. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen mulkinsu, wadda ta gina gidan gurza a Zariya, aka kuma shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen. A nan gida ma bauta ba ta gushe dare ɗaya ba: dokar Turawa ta 'yanta yaran da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu, 1901, amma sai a 1936 aka soke ta ɗungum a Arewa. A Amurka kuwa sai da baƙar fata suka jira har 1965 kafin doka ta tabbatar musu da haƙƙin jefa ƙuri'a a Kudu.

Saboda haka ɗalibin da ke haddar sunayen filayen daga don jarrabawa, ya kamata ya riƙe Antiyetam da kyau, domin bayanta ne Tarayya ta fito fili ta faɗi abin da take yaƙi dominsa. Mu da ƙasarmu ta ɗanɗani tata basasar daga 1967 zuwa 1970 mun san cewa ajiye makami somin taɓi ne, babban aikin shi ne a yi wa kowa adalci bayan ƙura ta lafa. Allah ya kiyashe mu da maimaita irin wannan masifa, amin.