Finafinan bayan rugujewar duniya: me ya sa mutane ke son kallon abin da suke tsoro?

A fim ɗin Mad Max: Fury Road na shekarar 2015, akwai wurin da wani azzalumin shugaba mai suna Immortan Joe yake tsaye a saman dutse, dubban talakawa na ƙasa riƙe da kwanoni da gwangwanaye. Sai ya buɗe famfo, ruwa ya kwararo na ɗan lokaci, mutane suna tattake juna, sai ya rufe abinsa. A wannan duniyar babu gwamnati, babu kotu, takardar kuɗi ba ta sayen komai. Wanda ya riƙe rijiya shi ne sarki. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka a hannu cikin zafin watan Afrilu, ai ba ya buƙatar a fassara masa wannan wuri.

Irin waɗannan finafinai ba labarin tashin alƙiyama suke bayarwa ba, kada a rikita. Suna nuna abin da ke biyo bayan wata masifa da ta rusa tsarin rayuwa, ko yaƙin nukiliya, ko annoba, ko fari, amma ta bar wasu tsirarun mutane a raye. To ga shi ba daɗin kallo ke gare su ba: yunwa ce, da ƙura, da gawawwaki. Duk da haka mutane na rububinsu. Me ke jan su?

Kowane zamani da abin da ke hana shi barci

Idan ka jera finafinan bisa shekarun fitowarsu, za ka ga kowanne na ɗauke da fargabar lokacinsa. A zamanin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, bam ɗin nukiliya ne abin tsoro. A watan Nuwamban 1983 tashar ABC ta Amurka ta nuna The Day After, labarin mutanen yankin Kansas bayan an yi musayar makamai masu linzami. Sama da mutum miliyan 100 suka kalle shi a dare ɗaya, har shugaba Ronald Reagan ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa fim ɗin ya jefa shi cikin damuwa.

Mad Max na farko kuwa, wanda ya fito a 1979 da Mel Gibson, yana da tushe a matsalar man fetur ta 1973, lokacin da aka ga direbobi a Ostareliya suna faɗa a layin gidan mai. Wanda ya shirya shi, George Miller, likita ne da ya yi aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a Sidni, inda ya ga abin da hatsarin mota ke yi wa jikin ɗan Adam. Ka ga ke nan ba daga sama ya ƙirƙiro ɓarnar da ke cikin fim ɗin ba.

Da aka shiga sabon ƙarni sai tsoro ya koma kan cuta. 28 Days Later na 2002 ya nuna Landan fayau babu kowa. I Am Legend na 2007 ya bar Will Smith shi kaɗai da karensa a Niyok, ciyawa ta tsiro a kan kwalta. A 2020, da korona ta kulle mutane a gida, hotunan manyan birane sun yi kama da waɗannan finafinai har abin ya ba da tsoro. Daga baya kuma ga sauyin yanayi: a Snowpiercer na 2013, wanda ɗan Koriya ta Kudu Bong Joon-ho ya shirya, ƙanƙara ta rufe duniya, sauran mutane suna cikin jirgin ƙasa ɗaya, masu hali a gaba suna cin daɗi, talakawa a wutsiya suna cin abin da aka jefa musu.

Abin da ake kashe juna a kansa

Wani abin lura shi ne, da wuya ka ga ana rigima a kan zinariya a waɗannan finafinai. Ruwa ne, da mai, da irin shuka, da yaro. A Fury Road wata tsohuwa na yawo da jakar iri cikin hamada, tana jiran ƙasar da za ta karɓe shi. A The Book of Eli na 2010, Denzel Washington na ɗauke da kwafin Baibul na ƙarshe, wani shugaban gari kuma na farautarsa domin ya san mai riƙe da littafin zai iya juya zukatan jama'a. A Children of Men na 2006 an shekara 18 ba a haifi ko jariri ɗaya ba a duniya, sai ga wata ƴar gudun hijira baƙar fata ɗauke da ciki. Lokacin da aka fito da jaririn ta tsakiyar fagen yaƙi, sojoji suka tsayar da harbi, suka yi tsit suna kallo.

A nan Afirka ma an taɓa wannan fanni. Ƴar Kenya Wanuri Kahiu ta fitar da gajeren fim mai suna Pumzi a 2009, labarin duniya shekara 35 bayan yaƙin ruwa, inda ake tace gumi da fitsari a sake sha. Jarumar, Asha, ta gudu daga matsugunin da ke ƙarƙashin ƙasa don ta dasa tsiro guda ɗaya, ta shayar da shi ɗan ruwan da ya rage mata.

Wannan shi ne sirrin farko na farin jinin finafinan. Suna kwashe duk abin da ya cika wa mutum rayuwa, waya da ofis da bashi da siyasa, su bar shi da tambaya ɗaya: in ba ɗan sanda, ba mai ganinka, cikinka kuma babu komai, wane irin mutum za ka zama? The Road na 2009, wanda aka ɗauko daga littafin Cormac McCarthy, ya fi kowanne matsa wannan tambaya. Uba da ɗansa ne ke tura ƴar kura zuwa bakin teku, a ƙasar da wasu suka koma cin naman mutane. Uban yana son yaron ya rayu ko ta halin ƙaƙa, yaron kuma kullum so yake a raba ɗan abincinsu da wanda suka tarar a hanya. Mai kallo ba ya iya zama ɗan ba-ruwanmu, dole ya zaɓi ɓangare.

Sirri na biyu kuwa, tsoro ne mai iyaka. Awa biyu kana cikin bala'i, sai fim ya ƙare ka tashi ka sha ruwa. Kamar tatsuniyar dodo ce da kaka ke yi wa jikoki da dare: ana jin tsoro, amma ana kwance a jikinta.

Inda finafinan suka yi ƙari

Sai dai fa akwai wurin da ya kamata a yi musu gardama. Yawancinsu sun ginu a kan cewa da zarar tsari ya rushe, maƙwabci zai zama kura. Wannan yana sayar da tikiti, amma ba shi ne dukan gaskiya ba. Marubuciya Rebecca Solnit, a littafinta na 2009 A Paradise Built in Hell, ta bi diddigin bala'o'i irin su girgizar ƙasar San Faransisko ta 1906 da guguwar Katrina ta 2005, ta nuna cewa akasarin mutane taimakon juna suka yi.

Dattawan yankin Sahel da suka ga farin 1973 da na 1984 suna da nasu labarin a kan haka. An yi asarar rayuka da dabbobi, an bar garuruwa. Amma wanda garkensa ya ƙare, sau da yawa da habbanaye ya farfaɗo, wato ɗan'uwa ya ba shi aron karsana ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki ƴaƴan ya mayar da uwar. Irin wannan da wuya ka gan shi a fim ɗin Holiwud, don babu harbi a ciki.

Ko a finafinan ma, waɗanda suka fi zama a zuciya su ne waɗanda suka gane haka. Max ya fara tafiyarsa yana gudun kowa, bai tsira ba sai da ya haɗa kai da Furiosa da matan da ta kuɓutar. Kuma ba su sami wata aljannar duniya a can gaba ba. Juyowa suka yi, suka koma inda suka baro, suka buɗe wa jama'a ruwan.