Kawuna, Kalmar "To" da Hanyoyin Sadarwar Ƙwaƙwalwa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama kawuna, kalma guda ta rage masa a baki: "to". Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake ƙin magani. Ni da na yi shekaru ina koyar da kimiyyar harshe, sai na zauna gabansa na rasa ta cewa. Abin da iyali suke tambayata kullum shi ne ko maganar za ta dawo.

Mai karatu, tambayar tsohuwa ce. A shekarar 1861 likitan Faransa Paul Broca ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne wanda ba ya iya furta komai sai "tan". Da ya rasu, Broca ya ga lahani a gefen hagu na gaban ƙwaƙwalwarsa, aka ce nan ne mazaunin magana. Sai a 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka saka wannan ƙwaƙwalwa, wadda aka adana a Paris, cikin na'urar MRI, suka tarar ɓarnar ta nutsa har cikin jijiyoyin da ke haɗa sassa. Wato lahanin bai tsaya a wuri ɗaya ba, ya yanke hanyoyin da ke tsakanin wurare.

A nan ne sabon awon ya shigo. A 1995 Bharat Biswal ya nuna cewa ko mutum yana kwance bai yin komai, sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki tare suna tashi da sauka a lokaci guda, kuma ana gane haka daga yanayin iskar oksijin a jini. Daga baya, a 2016, masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka auna masu wannan ciwo, suka ga sadarwa tsakanin ɓangaren dama da na hagu ta raunana. Raunin motsi da na gani sun fi bin wurin da lahanin yake, raunin tunawa ya fi bin lalacewar sadarwa, harshe kuwa yana bin duka biyun.

Abin da ya fi burge ni shi ne awon bai buƙatar majinyaci ya ce uffan. Gwaje-gwajen magana da aka saba da su galibi da Turanci aka tsara su, ba su san cewa karin sauti ne kawai ya raba kukan jariri da kukar miya ba. Amma kada mu ruɗu: na'urar tana da tsada, motsin kai kaɗan yana ɓata sakamako, kuma har yanzu awon ya fi zama a ɗakunan bincike. Tsara gwajin magana da Hausa kuwa aikinmu ne, mu masana harshe, tare da likitoci.

Kawu dai ya ƙara kalmomi uku a watan jiya. Ɗaya daga cikinsu sunan jikarsa ne.